Waiwaye: Yadda maganin raɗaɗi ya yi wa masu sikila da ciwon daji nisa

Duk lokacin da aka kama wata kwantenar tiramol a tashar jirgin ruwa, sai muhawara ta dawo sabuwa. Wasu na cewa a ƙara tsuke hanyar magungunan da ke sa maye, iyalan masu sikila da ciwon daji kuma na kukan cewa tsukewar da aka yi ma ta riga ta shaƙe su. Mutane da yawa suna ɗora farkon matsalar a kan shekarar 2018, alhali ta girme ta nesa ba kusa ba.

Sanannen ɓangaren labarin ba shi da tsawo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu: su hana a karkatar da magunguna masu ƙarfin kashe zafi irin su mofin, su kuma tabbatar marasa lafiya suna samunsu. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin zafin ciwon daji, mofin na sha yana matakin ƙarshe. Najeriya ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a 1989, da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993. A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, aka haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne abin da ya faru a ɗakunan kwantar da marasa lafiya cikin shekarun da mofin ya yi ƙaranci, kafin 2012. Bisa tsarin 1961, kowace ƙasa tana miƙa ƙiyasin abin da za ta buƙata a shekara, kuma ba ta shigo da fiye da haka sai ta nemi ƙari. Mafi sauƙin hanyar yin ƙiyasin ita ce duba abin da aka yi amfani da shi bara. To idan babu mofin a kantar asibiti, likita ba zai rubuta ba. Bai rubuta ba, rajista ta nuna babu mai nema. Ƙiyasin baɗi ya ragu, ɗan abin da aka kawo kuma ya zauna a kwaba har wa'adinsa ya ƙare saboda an daina sa ran samunsa. A takarda sai ya zama tamkar ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara ba ta da masu jin zafi.

Gurbin bai zauna haka ba, allurar pentazocine ce ta cike shi, wadda ake kira fenta. Tana da araha, tana zuwa a kwalba mai miligiram 30, kuma ta fi sauƙin samu. Sai dai ba ta dace da ciwo mai dawowa shekara da shekaru ba. Aikinta ba ya wuce awa uku zuwa huɗu. Tana da iyaka, idan aka kai wani mizani ƙarin allura ba ya ƙara sauƙi, sai jiri da ruɗewa. Idan aka yi wa wanda ke shan mofin, tana iya rage ƙarfin mofin ɗin har ta tayar masa da jijjigar rashinsa. Mafi muni shi ne abin da take yi wa tsoka: wurin da ake yawan soka ta yakan ƙandare kamar itace, ya fashe ya zama gyambo mai wuyar warkewa, gwiwa ko kafaɗa ta ƙi lanƙwasuwa. Matashin da aka fara yi wa ita yana ɗan shekara goma sha, wanda ya gaji da jiran layi cikin dare yana murƙususu, yakan koyi sayenta a kemis ya yi wa kansa. Daga nan zargin da ke bin masu sikila yau ya samo ƙarfi. Mara lafiya ya ambaci sunan allura da adadinta, sai a dubi juna a ce ɗan ƙwaya ne, ba a tuna cewa a gadon asibiti ya san ta.

Haka kuma aka yaye likitoci da ma'aikatan jinya da yawa waɗanda ba su taɓa ganin an daidaita wa mutum mofin na sha ba: a fara da kaɗan, kamar miligiram 2.5 zuwa 5 ga babba, a ba shi duk bayan awa huɗu bisa agogo ba sai ya yi kuka ba, a ƙara a hankali, a haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko domin yana ɗaure bayan gida. Wanda bai saba da wannan ba, tsoron tsayawar numfashi da tsoron tuhuma sukan sa ya koma ga abin da ya sani.

Daga 2012 aka soma gyara, aka shigo da garin mofin ana haɗa shi da ruwa a cikin gida, bisa haɗin gwiwa da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka. Yuganda ta riga mu a wannan hanya tun 1993, a 2004 kuma ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, abin da ya kai maganin ƙauyuka.

Da guguwar 2018 ta zo, ta tarar da ƙofar a tsuke, ta ƙara mata tsoro. Har yanzu galibi a manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya ake samun mofin na sha, inda akwai mai harhaɗa magunguna da kwaba mai kulle da rajistar da ake rubuta kowane mililita. Ruwan ba ya daɗewa kamar ƙwaya, abin da ake bayarwa a zuwa ɗaya kuma ƙayyadadde ne. Mai ciwon dajin da ya bazu zuwa ƙashi, idan gidansu na ƙaramar hukuma mai nisa, sai an ɗauko shi a mota ko an aiko ɗan'uwa da katinsa duk lokacin da kwalbar ta ƙare, sau da yawa kuɗin motar ya fi na maganin.