Tambayoyi da amsoshi kan wasannin talabijin na mutanen da suka maƙale a tsibiri

A shagon cajin waya da ke bakin kasuwar garinmu, a ƙasar Auyo, samari kan kai katin waya a tura masu fina-finai, kuma daga cikin abubuwan da suka karɓu akwai wasannin Turawa masu dogon zango waɗanda ake soma su da faɗuwar jirgi a wani tsibiri da babu wanda ya san da shi. Da yake na kalli irinsu tun ina karatu a Kano, lokacin da ake sayar da su a faifan DVD, tsofaffin ɗalibaina kan tare ni da tambayoyi a kansu idan mun haɗu a majalisa bayan isha'i. Na zaɓo waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, wane irin wasa ne wannan, kuma wanne ne ya fito da shi?

Ginshiƙinsa biyu ne. Na farko, mutanen da ba su san juna ba sun tsinci kansu a wurin da ruwa ya kewaye, babu hanyar fita, dole su nemi ci da sha da makwanci. Na biyu, wurin da kansa yana ɓoye wani asiri da ya fi yunwa ban tsoro. Wanda ya fi kowanne suna shi ne Lost, wanda tashar ABC ta Amurka ta soma nunawa ranar 22 ga Satumba, 2004, ta kammala ranar 23 ga Mayu, 2010, bayan zango 6 da kashi 121. Jirgin fasinja ne ya taso daga Sidni ta Ostireliya zuwa Los Anjalas, ya karye a sama, mutum 48 suka tsira a gaɓar wani tsibiri. An ɗauki shirin a tsibirin Oahu na Hawai, kuma kashin farko kaɗai ya ci sama da dala miliyan 10, kuɗin da ba a saba kashe wa buɗe wasan talabijin ba a wancan zamani. Bayansa an yi wasu a kan sawunsa, kamar The I-Land na Netflix a 2019 da The Wilds na Amazon a 2020.

Turawa ne suka ƙirƙiro labarin tsibiri?

A'a. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, Sindbad da abokan tafiyarsa sun sauka a wani wuri da suka ɗauka tsibiri ne, suka hura wuta, ashe gadon bayan wani ƙaton kifi ne, da ya ji zafi ya nutse da su. Ibn Ɗufail, malamin Andalus da ya rasu a 1185, ya rubuta labarin Hayyu bin Yaƙzan, yaron da barewa ta shayar a tsibiri, ya girma shi kaɗai har ya kai ga sanin Mahaliccinsa ta hanyar lura da halittu. Sai a 1719 Daniel Defoe ya fitar da Robinson Crusoe a Ingila, bayan da labarin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotilan, Alexander Selkirk, ya bazu; shi wannan ya yi shekara huɗu da wata huɗu shi kaɗai a wani tsibiri daura da ƙasar Chile, daga 1704 zuwa 1709. Abin da talabijin ta ƙara shi ne taron mutane maimakon mutum ɗaya, da kuma ja wa labari rai har shekaru.

Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, me ya sa abin yake kama mu haka?

Domin mun san abin da ake nufi da ruwa ya raba mutum da duniya. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, lokacin da kogin Haɗeja ya shanye hanyoyi da gonaki a yankunan Auyo da Miga da Kafin Hausa da Ringim, ya ga ƙauyuka sun koma tsibirai, ana shiga da fita da kwalekwale, ana jera buhunan ƙasa a bakin gari cikin dare. Irin wannan mutum ba ya buƙatar a yi masa bayanin halin wanda ke tsaye a bakin gaɓa yana hangen ko wani zai zo.

Sai dai abin da ya fi riƙe mai kallo shi ne yadda tsibiri ke tuɓe wa kowa rigar da ya zo da ita. Mai kuɗi kuɗinsa takarda ce, mai muƙami babu wanda zai ba umarni, wanda kuwa ya iya farauta ko ɗinke rauni nan take ya zama babba. A cikin kwanaki kaɗan sai ka ga an kafa ƙaramin ƙauye da duk abin da ƙauye ke da shi: mai gari da ba a naɗa ba, mai adawa da shi, mai ɓoye kaya yana sayarwa da tsada, mai sasanta rigima, da mace mai juna biyu da kowa ke tunanin ranar haihuwarta. Lost ya ƙara wata dabara a kan haka, wato kowane kashi yakan ɗauki mutum ɗaya a waiwayi rayuwarsa kafin hatsarin, ta yadda mai kallo zai san cewa likitan nan da ake dogaro da shi yana ɗauke da nauyin mahaifinsa, kuma matar nan mai taimakon kowa da ankwa a hannu ta shiga jirgin. Mai kallo ya san sirrin da maƙwabcin mutum bai sani ba, kuma a ganina wannan ya fi dodon da ke cikin dajin daɗin kallo.

To ina aibin yake, tun da kai ma ka ce yana da daɗi?

Aibin yana cikin abin da ke jawo mutane ɗin, wato asiri. Duk tambayar da marubuci ya jefa wa mai kallo bashi ce ya ci, kuma ranar biya tana nan tafe. A farkon Lost an nuna farar dabbar nan ta yankin ƙanƙara da ake kira beyar tana gudu a dajin da zafi ke dafa mutum. An nuna wani baƙin hayaƙi mai kashe mutane. An nuna ƙofar ƙarfe a binne cikin ƙasa, a ƙarƙashinta akwai kwamfutar da dole a shigar mata da lambobi 4, 8, 15, 16, 23, 42 duk bayan minti 108. An nuna gurgu ya miƙe da ƙafafunsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya hana mutum barci, kuma cin irin wannan bashi ba ya da wuya ko kaɗan, domin buɗe ƙofa a labari jimla ɗaya ce. Wahalar tana wajen faɗin abin da ke bayanta ta yadda zai kai girman jiran da aka yi.

Sai marubutan suka riƙa yin abin da mai bashi kan yi idan an matsa masa: ya ranto a wajen wani ya biya wani. An buɗe ƙofar ƙarfen, aka sami wata ƙungiyar bincike a bayanta. Aka bi ƙungiyar, aka sami wasu mutane da suka riga ta zama a tsibirin. Aka bi waɗannan, aka faɗa tafiya cikin zamani, gaba da baya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, J.J. Abrams, ya taɓa nuna wa jama'a a wata lacca a 2007 wani akwati da ya saya tun yana yaro a shagon kayan dabo, wanda bai taɓa buɗewa ba, domin a wajensa rashin sanin abin da ke ciki ya fi abin da ke cikin daraja. Wannan ra'ayi yana da kyau ga mai akwati. Wanda ya ba da sa'o'i kusan casa'in na rayuwarsa, da kuɗin caji da na turi, yana da haƙƙin a buɗe masa.

Ashe marubutan ba su san ƙarshen labarin ba tun farko?

A nan tsarin talabijin ɗin Amurka ne ya ɗaure su. Tashar da ke rayuwa da tallace-tallace ba ta son a rufe wasan da ke kawo mata masu kallo sama da miliyan 18 a darensa na farko, saboda haka marubuci yana rubutu ne bai san ko zango biyu zai yi ko goma ba. Gizo da Ƙoƙi ba su da wannan matsala: kaka ta san inda za ta ce ƙurunƙus tun kafin ta ce ga ta nan ga ta nanku. Alamar wannan ɗauri ta fito fili a zango na 3 na Lost, inda aka ɓata kashi guda cur wajen bayanin zanen da ke jikin likitan, aka kuma cusa wasu mutum biyu da aka ce wai tun farko suna cikin waɗanda suka tsira, masu kallo suka ƙi su, aka binne su da rai a cikin labarin. A watan Mayu na 2007 ne Damon Lindelof da Carlton Cuse, masu jan ragamar shirin, suka cimma yarjejeniya da tashar cewa za a ƙare a 2010, kuma daga nan tafiyar ta ɗan miƙe. Akwai ma wata matsalar da ba a yi tsammani ba: labarin yana tafiya da kwanaki, ɗaukar shiri yana tafiya da shekaru, don haka yaron da ke cikinsu ya yi tsawo fiye da yadda wata biyu a tsibiri zai iya bayyanawa, dole aka fitar da shi.

The Wilds kuwa ɗaya gefen takobin ne ya sare shi, domin an dakatar da shi a 2022 bayan zango biyu, da tambayoyinsa a buɗe.

Gaskiya ne cewa a ƙarshen Lost an gano duk sun mutu tun ranar hatsarin?

Ba haka ba ne, ko da yake mutane da yawa sun fahimce shi haka. Abin da ya faru a tsibirin ya faru. Wani sashe ne kawai na zangon ƙarshe aka nuna cewa haɗuwa ce bayan mutuwa, kowa bayan ya cika nasa wa'adin. Abin da ya ɓata wa jama'a rai shi ne an tambayi marubuta lissafi, sun amsa da rungume-rungume da hawaye.

Da gaske haka mutane ke juya wa juna baya idan sun maƙale?

Wannan ita ce tambayar da kawuna, wanda ya tsufa a sana'ar kamun kifi, ya yi mini a wata siga daban ranar da ya tsaya a bayanmu yana leƙen wayar ƙanena. Ya kalli mutanen na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Waɗannan yaushe suke cin abinci?” Ya lura da abin da mu muka daina gani: ga ruwa cike da kifi, amma da wuya ka ga wani yana gyaran koma ko shanya abin da ya kama, haƙoransu fari fat, matan gashinsu a gyare, kuma duk yininsu a gardama da bin sawu cikin daji yake ƙarewa. Yunwa da sauro da gudawa, waɗanda su ne ainihin abokan gaban wanda ruwa ya tsare, kashi biyu ko uku ake ba su a manta da su.

Batun juya baya kuwa gadon littafin William Golding ne na 1954, inda 'yan makaranta suka koma farautar juna a tsibiri. Amma an sami irin haka a zahiri, kuma ba haka ta kasance ba. A 1965 wasu 'yan makaranta shida daga ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwale, guguwa ta lalata shi, suka yi kwana takwas ruwa na yawo da su kafin su dace da wani tsibiri mai suna Ata. Sun yi wata 15 a can. Sun raba aiki biyu-biyu, sun yi shuka, sun tara ruwan sama, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, suna buɗe yini da addu'a su rufe da ita, kuma da ɗayansu ya karye a ƙafa suka ɗora shi ya warke, har wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Wannan ya fi kama da abin da na gani a garinmu lokacin ambaliya, inda gidan da rumbunsa ya tsira ya ciyar da gidaje uku. Matsalar ita ce zaman lafiya ba ya cika kashi 121, don haka sai a ƙirƙiro maci amana.

An ce akwai ɗan Nijeriya a cikin Lost. Yaya aka nuna shi?

Akwai, ana kiransa Mista Eko, kuma Adewale Akinnuoye-Agbaje, ɗan Birtaniya wanda iyayensa Yarabawa ne, ya fito a matsayinsa tun daga zango na 2. Yana cikin waɗanda suka fi kwarjini a wasan, amma tarihin da aka ba shi shi ne na ɗan daba mai safarar miyagun ƙwayoyi da ya sa rigar limamin coci, har da wani ƙaramin jirgi da ya taso daga Nijeriya ɗauke da ƙwaya a cikin gumaka ya faɗi a tsibirin. Musulmin da ya fi fice a cikinsu kuma, Sayid, tsohon sojan Iraƙi ne wanda aikinsa azabtar da fursunoni. An ba su biyun zurfi da nadama, ban musa ba, sai dai da aka tashi zaɓa wa Nijeriya da Iraƙi fuska, abin da jaridun Amurka suka saba bugawa a kansu aka ɗauko. Nijeriyar da aka nuna ma a Hawai aka gina ta, kuma ɗan ƙasa zai gane haka da kallo ɗaya.

Yaya kake ba da shawarar a kalle su?

Kafin ka ba da katinka, ka tambayi mai turi ko wasan ya kai ƙarshensa ko dakatar da shi aka yi, sannan ka tabbatar duka zangunan suna nan a jere, domin na san wanda aka tura wa zango na 5 da sunan na 4 ya yi mako guda yana zargin kansa da rashin fahimta. Ba kallon yara ba ne, akwai kisa da shigar da ba ta dace da gidajenmu ba. Idan Lost ne, zango na farko shi ne mafi ƙarfi, lokacin da ruwan sha ke ƙarewa, ake ƙona gawawwaki a cikin ɓaraguzan jirgi, wasu kuma ke ɗaure itatuwa suna haɗa abin da za su tsallaka teku da shi, ƙofar ƙarfen nan kuwa tana rufe.