Mene ne itace mai mamaya, kuma me yake yi wa ƙasa?

Ba kowane baƙon itace ake kira mai mamaya ba. Da yawa an ɗauko su daga wata nahiya an dasa a wata, sun zauna inda aka ajiye su. Wanda masana muhalli ke nufi shi ne wanda ya tsallake lambu ko gandun da aka sa shi, ya riƙa hayayyafa da kansa har ya danne tsirran da ya tarar. Ido kan ga inuwarsa da cunkosonsa, amma babban aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake yin sa.

A tsibiran Hawai akwai ƙasar da dutse mai aman wuta ya bari, wadda ba ta da naitirojin sosai, wato sinadarin takin da ke sa ganye ya yi kore shar. Itatuwan wurin sun saba da wannan ƙarancin, a hankali suke girma. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙi 'yan Fotugal suka kawo wani itace mai suna Myrica faya. In ka tono saiwarsa za ka ga wasu ƙulle-ƙulle, a cikinsu bakteriya ke zaune tana zuƙo naitirojin daga iska tana ba shi. Binciken masanin muhalli Peter Vitousek da abokan aikinsa na 1987 ya nuna naitirojin da ke shiga ƙasar ya ninka kusan sau huɗu inda itacen ya kafu.

Mai karatu zai ce ai taki ya ƙaru, ina laifi? A nan ake yawan ruɗuwa. Tsiron da ya saba da ƙasa mai ƙarancin taki bai iya tseren girma ba. Da zarar taki ya yawaita, ciyayi masu saurin tashi su ke cin moriya, su shaƙe shi.

Sai kuma ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Itacen fayin (pine), mai ganye siriri kamar allura, ba ya yin ƙwari sai da wani nau'in fangi, dangin naman kaza, wanda ke naɗe ƙananan saiwoyinsa da zare fari siriri, yana kawo masa ruwa da sinadarin taki na fosfaros, shi kuma yana ba shi sukari. Shi ya sa dashen fayin na farko a ƙasashen kudancin duniya, inda babu wannan fangin, ya yi ta lalacewa, sai da fangin ya iso. A Ajantina an gano barewa da aladun daji, su ma baƙi ne, suna cin naman kazan su kai irinsa nesa cikin kashinsu, fayin kuma ya bi sawu. Wani itacen kuwa tsira ya yi daga maƙiyansa: itacen ceri mai baƙin 'ya'ya, a Amurka inda yake ɗan asali, cutar da ke cikin ƙasa kan kashe 'ya'yansa kusa da gindin uwa, amma a Turai ya sami sakewa.

Abin da ya fi damuna shi ne sare itacen ba ya mayar da ƙasa yadda take. A Afirka ta Kudu, itatuwan akeshiya na Ostareliya sun mamaye jejin fynbos, mai ƙasar yashi da dubban irin tsirran da babu su a ko'ina. Tun 1995 shirin gwamnati na Working for Water ke sare su. Amma ganyen da suka shekara suna zubarwa ya riga ya ruɓe cikin yashin, naitirojin ya zauna, ga 'ya'yansu jibge a ƙasa suna jiran gobara su tsiro. Filin da aka share sau da yawa baƙuwar ciyawa ke fara rufe shi, don haka dole ma'aikata su yi ta komawa shekara bayan shekara suna cire sabon toho, wani wurin ma sai an sake shuka irin tsirran asali da hannu.