Ga masu son shuka mapul mai rodi-rodi a lambu mai inuwa

Masu lambu, kafin ku sayi wannan bishiya ku fara duba yanayin wurinku. Mapul ta ado, wadda masana ke kira Acer palmatum, asalinta ƙasashen Japan da Koriya da Sin ne. Tana zubar da ganye ta huta a lokacin sanyi, kuma ba ta rayuwa da kyau sai da wannan hutu. Inda zafi ba ya raguwa duk shekara, ko an shuka ta wahala kawai za ta sha.

Idan yanayi ya dace, sai batun inuwa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Fari da ruwan hoda da ke jikin ganyen nau'o'inta masu rodi-rodi irin su Butterfly da Ukigumo ba su da kulorofil, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ya kuma haɗa wa bishiya abinci. Shi ya sa rana mai zafi ke ƙona bakin ganyen har ya bushe ya naɗe. Amma kada a ji haka a cusa ta cikin duhu. A inuwa mai kauri launin kan dusashe, rassa su yi siriri. Ranar safe da inuwar la'asar, ko hasken da ke ratsowa ta ƙarƙashin manyan bishiyoyi, shi ne daidai. A kuma kare ta daga busasshiyar iska, don ita ma tana ƙona ganye.

Ƙasa ta zama mai laushi da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, mai ɗan tsami kaɗan. Kada a binne ta fiye da zurfin da take a tukunya. Saiwoyinta a sama-sama suke, don haka a rufe gindin da ɓawon itace ko busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 7, amma kada ya taɓa jikin bishiyar. A shekarun farko a riƙa ban ruwa a kai a kai, musamman idan akwai babbar bishiya kusa da ke shanye danshi.

Taki kuwa, a sassauta hannu. Sinadarin naitirojin da ke cikin taki, in ya yi yawa, kan sa rodi-rodin ya ragu.

Abin da na fi so ku sa wa ido shi ne reshen da ya fito kore shar babu ɗigo ko ɗaya. Zai ba ku sha'awa don ya fi sauran ƙarfi, amma in an ƙyale shi sai ya rinjaye su, bishiyar ta koma kore gaba ɗaya. A yanke shi tun daga inda ya tsiro. Haka duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, wato inda aka haɗa reshen wannan iri da gindin wani, domin yawancin waɗannan bishiyoyi aure aka yi musu, tohon ƙasan na wani iri ne daban.

In kun ga reshe guda ya yi yaushi kwatsam alhali ƙasa na da danshi, yana iya zama cutar Verticillium da ke zaune a cikin ƙasa. Ku cire reshen, ku tsabtace almakashi kafin ku taɓa wata bishiya.