Me ake nufi da ɗori a jikin dabba?

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, in akuya ta faɗa rami ko babur ya buge tunkiya, abin da za ka fara ji shi ne a kira mai ɗori. Ɗori shi ne mayar da karyayyen ƙashi mazauninsa, a tallafe shi da tsagin gora ko kara, a naɗe da tsumma har ya kama. Ba ɗaya yake da gyaran targaɗe ba, domin a targaɗe jijiyar gaɓa ce ta ji ciwo, ƙashi kuwa lafiyarsa lau.

Mai ɗori ba shi ke haɗe ƙashin ba, aikinsa hana shi motsi ne. Jini ne ke taruwa a bakin karayar ya daskare, a hankali ya koma wani abu mai taushi kamar guringuntsi, sannan ya ƙanƙare ya zama ƙashi. Kullutun nan da mahauci ke tararwa a ƙafar rago in yana fiɗa, tabon tsohuwar karaya ne. Ɗan akuya kan warke cikin mako 3 zuwa 4, babba kuwa sai ya kai mako 6 ko fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne matse ɗauri. Jini ya kasa wucewa, kofato ya yi sanyi, ƙafa ta kumbura ta ruɓe, alhali karayar mai warkewa ce. Haka in ƙashi ya huda fata ya fito: ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, mugunya ta shiga har ɓargo. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma da gaggawa. Babban bijimi da ya karye a cinya da wuya ɗori ya riƙe nauyinsa, yawanci gara a yanka da a bar shi yana wahala.

Wani lokaci ma laifin ba na rami ba ne. Da rani busasshiyar ciyawa ba ta da isasshen sinadarin fosforas, sai ƙashin saniya mai shayarwa ya yi rauni, ka gan ta tana ɗingishi tana gwaguyar tsohon ƙashi a bola. Kanwa ba ta cike wannan giɓin, sai gishirin lasa mai sinadarai da dusa da ƙulin auduga. Wanda zai sayi saniya a Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, ya sa a zagaya da ita ya ga takunta, ya kuma shafa ƙafafun huɗu da hannunsa kafin a yi ciniki.