Mai cike takardun haraji ma yana da tasa tarar

A watan Afrilu ne masu cike wa 'yan kasuwa takardun haraji ke shan matsi a Kumasi. Ranar 30 ga wata wa'adin miƙa wa GRA, hukumar tara haraji ta Ghana, bayanin kuɗin shigar bara yake cika, wanda ya makara kuwa tararsa sidi 500 ce, da ƙarin sidi 10 a kullum. Cikin wannan gaggawa mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia zai ce, "Malam, ka ɗan rage cinikin mana, kasuwa ba daɗi."

Dokar gudanar da haraji ta 2016, mai lamba 915, ba ta bar laifin a wuyan mai shago kaɗai ba. Idan aka kama shi da bayanin ƙarya babu uzurin kirki, zai biya harajin da ya ɓoye, da tara daidai da shi, ga kuɗin ruwa. Wanda ya taimaka masa ko ya ba shi shawarar yana sane, shi ma ana iya cin sa tarar kashi 100 cikin 100 na giɓin. A ce harajin da aka ɓoye sidi 20,000 ne, to mai cike takarda na iya tashi da bashin sidi 20,000, alhali ladan aikin bai taka kara ya karya ba. Cewa "Alhaji ne ya ba ni lissafin" ba za ta wanke shi ba, muddin littafin ciniki na gabansa yana faɗin wani abu daban.

Don haka kafin a rubuta lamba ko ɗaya, a nemi littafin ciniki, rasitan sayen kaya, da bayanan banki da na MoMo, wato asusun kuɗi na wayar hannu. A MoMo ɗin nan asiri ya fi tonuwa, domin 'yan kasuwa da yawa na haɗa kuɗin cefane da na shago a layi ɗaya, sai an zauna an tsefe su. Kuɗin makarantar yara ba ya shiga cikin kashe-kashen shago, komai kusancinka da mai shi. Doka ta ce a adana waɗannan takardu shekara 6.

Idan mai shago ya kafe sai an rage, a rubuta masa dalili, a ajiye kwafi, a mayar masa da takardunsa, kuma kada sirrin cinikinsa ya fita zuwa majalisar hira a unguwar Aboabo. Kuskuren da aka gano bayan an miƙa takarda kuwa, a gaggauta kai gyara kafin jami'ai su zo bincike, domin doka na sassauta wa wanda ya kai kansa.