Dashen ƙoda ga mai matsalar mafitsara: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa mafitsara da sabuwar ƙoda?

Sau da yawa mafitsarar ce ta kashe ƙodojin farko. Ana ganin haka a yara maza da aka haifa da tantani ya tare musu hanyar fitsari, da masu lalurar laka. Mafitsarar takan yi tauri, matsin cikinta ya hau, fitsari ya riƙa komawa sama. Idan matsin ya wuce santimita 40 a ma'aunin ruwa, ƙodar da aka dasa ma tana cikin haɗarin lalacewa. Shi ya sa ake auna matsi da yawan abin da mafitsara ke ɗauka kafin dashe.

Duk ƙaramar mafitsara sai an yi mata tiyata?

A'a. Wadda ta tsuke don an daɗe ana wankin ƙoda babu fitsari, yawanci takan buɗe da kanta bayan dashe. Ko mai taurin ma, da magani irin oxybutynin ake fara gwadawa, da zura roba mai tsabta don fitar da fitsari duk awa uku zuwa huɗu.

Idan hakan bai yi ba fa?

Sai a faɗaɗa ta. Ana yanko kimanin santimita 20 na ƙaramin hanji da jijiyoyin jininsa, a tsaga shi a tsaye don ya daina matsewa, a ɗinka a saman mafitsara kamar hula. Wanda ba zai iya zura roba ta ƙasa ba, ana yi masa ƙofar zura roba a cibiya da afendis ɗinsa (wani ɗan siririn reshen hanji), dabarar da likita Mitrofanoff ya fito da ita a 1980. Idan mafitsarar ta wuce gyara, sai a jona bututun ƙoda da guntun hanji, fitsari ya riƙa zuba a jaka a kan ciki.

Yawanci ana yin faɗaɗawar makonni kafin dashe, domin magungunan danne garkuwar jiki da ake sha bayan dashe suna jinkirta warkewar ɗinki.

Me ke iya ɓaci daga baya?

Hanji ba ya manta aikinsa. Yana fitar da yauƙi mai toshe roba da tara tsakuwa, don haka a riƙa ɗauraye mafitsara da ruwan gishirin asibiti kullum. Yana kuma tsotse gishirin fitsari, jini ya yi tsami, har a buƙaci bikabonet, maganin rage tsamin jini. Mafi haɗari shi ne sakaci da zura roba: mafitsara ta cika ta fashe. Ciwon ciki mai tsanani ko zazzaɓi ga irin wannan majinyaci, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.