Yadda gidan Kim na Gimhae ya haura mutum miliyan huɗu

A Koriya ta Kudu, kusan mutum ɗaya cikin biyar sunan gidansu Kim. Amma ba duk Kim ne 'yan'uwan juna ba. Abin da ke raba su shi ne garin asali, wanda suke kira bon-gwan, kuma babu gidan Kim da ya kai na Gimhae yawa. Ƙidayar 2015 ta nuna sun haura miliyan 4.

Kakansu, a cewarsu, shi ne Sarki Suro, wanda ya kafa daular Geumgwan Gaya a kudu maso gabashin ƙasar, inda garin Gimhae yake a yau. Littafin Samguk Yusa na ƙarni na 13 ya ruwaito cewa a shekara ta 42 miladiyya wani akwatin zinariya ya sauko daga sama da ƙwai shida a ciki, Suro ne ya fara fasowa. Matarsa Heo Hwang-ok ta zo ta teku daga wata ƙasa mai suna Ayuta, wadda wasu ke cewa Ayodhya ce ta Indiya. Biyu daga cikin 'ya'yansu sun ɗauki sunan uwa, shi ya sa a al'ada Kim da Heo na Gimhae ba sa auren juna.

A 532 Geumgwan Gaya ta miƙa wuya ga daular Silla, amma gidan sarautar bai ɓace ba. Daga cikinsa Kim Yu-sin ya fito, jarumin yaƙin da ya taimaka wa Silla ta ci daulolin Baekje da Goguryeo.

To, haihuwa kaɗai ba za ta kai mutum miliyan huɗu ba. Shekaru aru-aru bayi da talakawa da dama ba su da sunan gida. A ƙarshen zamanin Joseon, daular sarakuna ta ƙarshe a Koriya, masu kuɗin da ba su da asali suka riƙa sayen shiga littattafan nasaba, wato jokbo. An soke bauta a 1894, dokar rajistar jama'a ta 1909 kuma ta sa kowa ya yi suna. Wanda aka ba zaɓi, wa zai ƙi jinin sarauta?

Abin ya zo ya zama wahala. Sashe na 809 na dokar farar hula ya haramta aure tsakanin masu suna ɗaya da garin asali ɗaya, ko da nasabar tasu ta takarda ce kawai. Kotun tsarin mulki ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki a 1997, majalisa ta gyara ta a 2005.